Daga Toho Har Ƙwallo: Abin Da Ake Ci A Jikin Kabewa Da Sauran Shuke-shukenmu

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai kabewa a 'Yankaba ko a kasuwar Sabon Garin Zariya ya san yadda cinikin yake. Ka faɗi ta nawa kake so, ya ɗora wuƙa ya fitar maka da yanki, ya sa yatsu ya kwashe totuwar da 'ya'yan ya yarfar a gefe, ya miƙo maka. In an kai gida uwargida ta fere ɓawon ta zubar, ta jefa tsokar a tukunya. Can a gona kuwa manomi tuni ya bar wa awaki yaɗon da ganyen da furen. Haka kabewa ke isowa cikin miyan taushe, abu ɗaya tak daga cikin biyar ko shida da Allah Ya sanya a jikinta na ci.

Abin yana damuna, domin ba haka iyayenmu suka saba yi wa shuka ba. A dubi yakuwa. Ganyenta ya shiga taushe da fate, jan ɓawon da ke lulluɓe da ƙwallonta ya zama zoɓo, 'ya'yanta da muke kira gurguzu aka dafa aka rufe su kwanaki suka zama daddawar batso, karan ma aka saɓule fatarsa aka tufka igiya. Kuka ta ba mu miya da ganyenta, ta ba mu farin gari mai tsami da ake damawa a nono ko kunu, garin da sai a 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a kasuwanninta a matsayin abinci. Ɗorawa ba ta da abin yarwa: yara su sha garin, kalwa ta zama daddawa, makuba ta tafi wajen daɓe. Manomin albasa a Aliero ko Galmi ba ya barin lawashi ya lalace, a ci wani ɗanye, a daka wani a dunƙula gabu a ajiye wa bazara. Har ƙwallon giginya sai da muka binne shi ya tsiro muka tono muruci. Wani likita ɗan Sikotilan mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a ƙasar nan zamanin Turawa, ya wallafa littafi a 1916 kan sunayen tsirrai da Hausa, kuma duk wanda ya duba shi zai ga yadda kakanninmu suka bi itatuwa ɗaya bayan ɗaya, daga saiwa zuwa fure, suna ware na ci da na magani da na igiya. To me ya sa da aka zo kan kabewa yawancinmu muka tsaya a tsoka?

A ganina baƙunta ce ta jawo. Kabewa ba 'yar asalin nahiyar nan ba ce. Daga nahiyar Amurka ta fito, ita da masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir da dankali, kuma ba ta tsallako teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492, lokacin da jiragen Turawa, musamman mutanen Fotugal, suka fara zirga-zirga tsakanin nahiyoyi. A wani kogo a jihar Wahaka ta ƙasar Meksiko masu tonon tarihi sun samo 'ya'yan kabewar da aka noma kimanin shekara 10,000 da suka wuce, tun kafin a fara noman masara. Masana da yawa suna ganin saboda 'ya'yan aka fara shuka ta, domin tsokar kakanninta na daji siririya ce mai ɗaci. Har yau a Wahaka akwai miyar damina da ake haɗawa da tohon yaɗon kabewa da ganyenta da furenta da 'yan ƙananan 'ya'yanta da ɗanyar masara, duk a tukunya guda. Iri yana iya tafiya a aljihun fatake, amma sanin girki ba ya tafiya sai da mai girkin. Kabewa ta iso mana, ta zauna, har ta shiga karin maganarmu, muka ce kabewar kan kabari baƙin cikin mai taushe, sai dai rabin iliminta ya tsaya a can. Yanzu ga shi mutanen Meksikon suna cikin manyan masu sayen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da maƙwabtanta.

Ban ce babu Bahaushen da ke cin ganyen kabewa ba. Ni a wajen goggona na koya, a wani ƙauye kusa da Giwa, inda kabewa kan tsiro da kanta a kan jujin bayan gida ta haye danga ta sauka gidan maƙwabta. In damina ta yi tsakiya, wajen watan Agusta, da sassafe take fita da ƙwarya. Ba ta taɓa manyan ganyayen nan masu kauri da suka yi duhu. Kan yaɗon take nema, ta tsinke tohon tare da ganye biyu ko uku da ke bayansa, waɗanda ba su wuce faɗin tafin hannu ba. Ranar da na fara bin ta na kama yaɗo guda ina tsinka a jere, sai ta riƙe mini hannu ta ce, "Ke 'yar nan, ba a yi mata ƙwal-kwabo. Ɗauki biyu ki bar goma, da ganyen take ciyar da ɗanta." Gaskiya ta faɗa, domin a ganye ne shuka ke haɗa abincinta da hasken rana, wanda ya kwashe shi duka kuwa ya haƙura da ƙatuwar kabewa a kaka.

Abin da ke korar mutane daga wannan ganye shi ne gashin jikinsa mai ƙaiƙayi, kuma maganinsa a yatsu yake. A riƙe ganyen ta kara, a ɗan karya bakin karan da farce ba tare da an raba shi ba, a ja ƙasa a hankali. Wani zare zai biyo hannu ɗauke da gashin, ya bi ta kan jijiyoyin bayan ganyen har ya tsinke. A juya karan a sake, har sai ya zama sumul, kore shar, rami a cikinsa. Karan nan shi ma ana ci, kuma ya fi ganyen zaƙi. Daga nan sai wanki, ruwa biyu ko uku, domin shuka ce mai jan ciki a ƙasa, yashi yana maƙale mata. A yanka ƙanana, a zuba a miya kamar yadda ake zuba alayyafo, sai dai shi yana son ƙarin minti kaɗan a wuta. Goggo da niƙaƙƙiyar gyaɗa da albasa da ɗan daddawa take dafa nata, wani lokaci ta tafasa shi ta matse ta yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Kanwa kuwa ɗan mitsitsi take sawa ko ma ta bari, kuma masana abinci suna bayanta a nan, domin kanwa mai yawa tana lalata wasu bitamin na ganye.

Wannan haɗi na ganyen kabewa da gyaɗa abincin yau da kullum ne a kudancin Afirka. A Zambiya suna ce wa ganyen cibwabwa, a Zimbabuwe mubora, a Malawi nkwani, ana sayar da shi ɗauri-ɗauri a kasuwa, ana busar da shi don rani. A Koriya turara shi suke yi su naɗe shinkafa a ciki. Mu kuwa nan, tun da aka ce ugu yana ƙara jini, matanmu suna biyan kuɗi mai kauri su sayi ɗan ɗauri. Ugu ganye ne mai kyau, ba na kushe shi, kuma dangin kabewa ne. Amma ina jin ciwon ganin mace mai ciki ta haƙura da ganye don kuɗin ugu ya fi ƙarfinta, alhali ɗan uwansa yana kwance a dangar gidanta, da sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata da sauran abubuwan da koren ganye ke bayarwa.

Fure shi ne inda na fi son a tsaya a lura. Kabewa guda tana fitar da fure iri biyu, namiji da mace. Namijin yana tsaye a kan dogon kara siriri, a cikinsa akwai tsinke ɗaya mai rawayar ƙura. Macen tana zaune kusa da yaɗo a kan gajeren kara, kuma a gindinta, tun kafin ta buɗe, akwai 'yar kabewa ƙarama. Da asuba suke buɗewa, kafin azahar sun rufe, kuma kowane fure wannan safiyar ce kaɗai rabonsa. A cikin 'yan sa'o'in nan ƙudan zuma ke ɗaukar ƙura daga namiji ya kai wa mace. In bai kai ba, 'yar kabewar ta yi rawaya ta yanƙwane ta faɗi. Manomi ya ga haka ya ce cuta ce ko sammu, ya ƙara feshi, feshin ya ƙara kashe ƙudan zuman. Wanda ya ga 'ya'yan kabewarsa suna zubewa tun suna ƙanana, ya gwada wannan da hantsi: ya tsinko namijin fure, ya cire rawayan ganyayensa, ya goga tsinken a tsakiyar furen mace.

Mazan furanni sun fi matan yawa nesa ba kusa ba, kuma su ke fara fitowa. Da zarar sun ba da ƙurarsu aikinsu ya ƙare, sai su bushe. Su ne abinci. A tsinke su da safe, a bar kaɗan saboda ƙudan zuma, a leƙa ciki kada a tafi da wani ƙwaro gida, a cire tsinken tsakiya da 'yan koren haƙoran da ke gindi, a ɗauraye da sauƙi domin ba su da ƙwari. Mutanen Meksiko suna soya su da albasa su sa a cikin wainar masararsu tare da cuku. Mutanen Italiya suna tsoma su a ƙullun fulawa su soya. Ni a ƙullun ƙosai nake tsoma nawa, ƙullu mai ɗan ruwa, in saka a mai mai zafi, gefe ya yi ja in juya in kwashe. Waje ya yi ƙaras-ƙaras, ciki ya yi laushi da ɗan zaƙi, yara kuwa ba sa barin ko ɗaya ya huce. Ana kuma yayyanka su a watsa a miya ko a ƙwai dab da saukewa. Fure ba ya kwana da kyau, shi ya sa ba a ganin sa a kasuwa, na mai shuka ne da maƙwabtansa. Ƙananan 'ya'yan da aka rage don sauran su yi girma su ma ba na zubarwa ba ne, ana dafa su duka da ɓawonsu tun yana da taushi.

Sai 'ya'yan ciki, waɗanda zubar da su ya fi komai zama asara. A kowane giram 100 na ɓararrun 'ya'yan kabewa busassu akwai kusan giram 30 na sinadarin gina jiki, kusan rabin nauyinsu kuma mai ne, ga zink da maganiziyam da sinadarin ƙarfe. Agushin da muke saya da tsada daga guna yake fitowa, ita ma 'yar gidan kabewa ce. A raba 'ya'yan da totuwa a cikin ruwa, a baza a faifai su bushe sosai, a soya a kasko da ɗan gishiri kamar gyaɗa har su fara tsalle. Masu siririn ɓawo a tauna duka, masu kauri a ɓare da haƙori. Wadda ke son miya ta ɓare su ta niƙa, ko ta daka su da ɓawon ta tankaɗe. A yankin Sitiriya na ƙasar Ostiriya akwai irin kabewar da 'ya'yanta ba su da ɓawo mai tauri, ana noma ta gona-gona don 'ya'yan kaɗai, a matse wani mai kore mai duhu da ake sayarwa da tsada a Turai. Totuwar ita kanta, wannan zare-zare mai laushi, tsoka ce da ba ta haɗe ba, in an markaɗa ta da kayan miya ba wanda zai gane. Ɓawon tsohuwar kabewa mai tauri dai a ba dabbobi, amma mai laushi a wanke shi a dafa tare.

Game da tsokar, abu biyu zan ce. Wadda ta fi ja ita ta fi amfani, domin launin nan shi ne sinadarin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi ya kuma raunana yaro gaban ƙyanda da gudawa. Sannan sinadarin ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Wadda ta fara haɗa kabewa da gyaɗa da mai a miyan taushe ba ta shiga ajin kimiyya ba, amma ta haɗa daidai. In kabewa ta yi yawa a kaka, a yanka ta siriri a shanya inda iska ke kaɗawa ba tsakiyar rana ba, domin zafin rana yana cinye launin da amfanin tare.

Yanzu ga inda nake roƙon mai karatu ya natsu. Bahaushe ya ce hanjin jimina, akwai na ci akwai na zubarwa, kuma ba zan yi wa kowa kwaɗayin ganye in ɓoye masa na zubarwar ba. Dangin kabewa duka, da duma da kokwamba da kankana da soso, suna iya fitar da wani sinadari mai tsananin ɗaci da ake kira kukubitasin, makamin da kakanninsu na daji ke kare kansu da shi. Duk wanda ya taɓa fafe ƙwarya ya san ɗacin totuwar duma, ya san dalilin da ya sa ake jiƙa sabuwar ƙwarya a wanke ta sau da yawa kafin a zuba fura. Akwai duma marar ɗaci da ake dafa ɗanyensa a Indiya da ƙasashen Larabawa, kuma hadisin Anas ɗan Malik da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana bin yankan irin wannan kayan lambu a cikin akushi lokacin da wani maɗinki ya gayyace shi cin abinci. Amma wani lokaci irin da ake ci yakan juya ya yi ɗaci, ko don ya yi barbara da danginsa na daji ko na ado, ko don fari da zafi sun matsa wa shukar. A 2015 wani dattijo mai shekara 79 ya rasu a garin Haidenhaim na Jamus bayan ya ci abincin da aka dafa da 'yar doguwar kabewa mai ɗaci daga lambun gida. A 2010 wani masanin kimiyya ya rasu a Delhi bayan ya sha ruwan duma mai ɗaci da nufin magani. Wuta ba ta kashe wannan dafi, sukari da kayan ɗanɗano rufe shi kawai suke yi. Saboda haka kafin a zuba kabewa ko kokwamba ko ɗanyen soso a tukunya, a yanki ɗan ƙarami a taɓa da harshe. In an ji ɗaci a tofar, a zubar da ita duka, kada kuma a ajiye irinta. Ɗacin shuwaka da garafuni daban ne, da shi aka san su, an kuma san yadda ake wanke shi. Abin tsoro shi ne ɗaci a inda ba a saba jin sa ba.

In aka bar kabewa aka leƙa sauran gona, labarin ɗaya ne. Nijeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman wake, amma a wurare da yawa ganyensa ba ya wuce harawa, alhali ɗanyen tohonsa miya ne mai kyau, kuma a Kenya da Yuganda da arewacin Gana har shuka shi ake yi don ganyen. Ɗanyen kwanson waken ma, tun bai yi ƙwari ba, ana dafa shi duka. Ganyen dankalin Hausa babbar miya ce a Saliyo da Laberiya da Gini, yana da laushi da ɗan yauƙi, ba ya buƙatar wata dabara. Ganyen kuɓewa yana yin miya mai yauƙi. Ganyen karas da ake cirewa a zubar a bakin lambu yana shiga miya kaɗan-kaɗan don ƙamshi. Farin da ke tsakanin jan kankana da koren bayanta ana yanka shi a dafa, a kudancin ƙasar Amurka har jiƙa shi suke yi a ruwan tsami da sukari su ajiye. Zogale mun riƙe ganyensa da kyau, daga dambu zuwa kwaɗo, daga Kano har Maraɗi, amma furensa ma ana soyawa da ƙwai, ɗanyen kwansonsa kuma shi ne abin da mutanen kudancin Indiya suka fi so a jikinsa. Saiwarsa da ɓawon itacen dai ba kayan miya ba ne, mai ciki musamman ta nisance su.

Akwai kuma waɗanda ake ci amma sai an yi musu aiki. 'Yan uwanmu na zangon Kumasi da Nima sun san kontomire, miyar ganyen gwaza. Ɗanyensa yana ɗauke da wasu ƙananan allurai da ido ba ya gani, masu sa maƙogwaro ƙaiƙayi da kumburi, sai ya dahu lugub suke sakin mutum. Ganyen rogo shi ne miyar ƙasa a Kongo, suna ce masa pondu ko saka-saka, kuma ya fi saiwar sinadarin gina jiki nesa. Amma rogo, ganye da saiwa, yana ɗauke da abin da ke zama gubar sayanaid. Matan Kongo a turmi suke kirɓa ganyen ya yi laushi, sannan su tafasa shi ya daɗe a tukunya a buɗe gubar ta fice da tururi. Saiwar rogo mai ɗaci kuma sai an fere, an jiƙa kwanaki ko an goge an matse an soya. Inda yunwa ta sa aka gajarta aikin, sakamakon ya yi muni: a farin 1981 a arewacin Mozambik sama da mutum 1,000, yawanci mata da yara, suka sami shanyewar ƙafafu ta cutar da ake kira konzo, wadda ba ta warkewa. Nijeriya ta fi kowace ƙasa noman rogo, don haka wannan magana tamu ce. Haka anza, wadda ta riƙe rayuka da yawa a yankunan Maraɗi da Damagaram da Tawa a yunwar 2005: 'ya'yanta ba sa ciwuwa sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana canza ruwa har ɗacin ya fita.

Sai waɗanda babu dabarar da za ta sa su zama abinci a gida. Kada sunan dankali ya ruɗi kowa, dankalin Turawa da ake nomawa a Filato ba dangin dankalin Hausa ba ne. Ganyensa da tsironsa da 'yan koren ƙwallayen da yake yi bayan fure duk guba ne, kuma wanda fatarsa ta yi kore saboda hasken rana a fere shi da zurfi, in yana ɗaci a yar. Ganyen tumatir ma ba na miya ba ne. 'Ya'yan zurma da na bini-da-zugu suna da maiƙo da ɗanɗano mai jan yaro, kuma 'yan ƙwayoyi kaɗan sun isa su kwantar da shi da amai da gudawa mai tsanani, na zurma ma suna kisa. Duk gidan da aka yi shinge da bini-da-zugu a ja wa yara kunne. Zaƙami kuwa kowa ya san ɓarnarsa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kamannin tafasa da rai-ɗore, domin gefe da gefe suke tsirowa a bakin hanya, furensu duka rawaya. Ganyen tafasa bakinsa a zagaye yake, bibbiyu sau uku a kan kara, kwansonta dogo ne siriri mai lanƙwasa. Na rai-ɗore bakinsa da tsini, ya fi yawa a kara, yana da wari in an murza, kwansonsa kuma ya fi faɗi. Tafasa kwaɗo ce mai daɗi, a Darfur ma har rufe ganyenta suke yi a tulu ya ruɓa ya zama kawal, abin da ke tsaya musu a madadin nama a miya. Rai-ɗore an san shi a maganin gargajiya, amma ɗanyun 'ya'yansa suna lalata hanta. Likitoci a yankin Saharanfur na arewacin Indiya sun gano a shekarun 2000 cewa wata cuta da ke kashe ƙananan yaran talakawa duk kaka tana da alaƙa da cin waɗannan 'ya'ya a wajen wasa.

Akwai haɗari guda da goggona ba ta sani ba a zamaninta, wato feshi. Ganyen da ya halatta a ci yana iya zama guba in jiya aka fesa masa maganin ƙwari. Wake yana cikin amfanin gonar da aka fi yi wa feshi a ƙasar nan, a gona da kuma a rumbu, har a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a ciki. Kada a tsinki ganyen wake ko na kabewa a gonar da ba a san ranar da aka yi mata feshi ba. A jikin kowace kwalbar magani ta gaskiya an rubuta kwanakin da za a jira kafin a ci amfanin, manomi ya karanta ko ya sa a karanta masa. Wanda zai shuka don ganye ya ware 'yan kunyoyi kusa da gida da ba za a fesa ba. Ganyen bakin kwata da na gefen babban titi shi ma a bar shi.

Na san abin da ke hana wasu ko da sun ji duk wannan. Ana ganin cin ganyen wake ko na kabewa alamar babu ce, abincin shekarar yunwa, abin da ba a so baƙo ya tarar a tukunya. Na sha jin mace ta ce, "Sai ka ce akuya?" Wannan kunya ba ta da tushe, kuma yaranmu ne ke biyan kuɗinta. Lokacin da ganyen nan ke toho, tsakiyar damina, shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, asibitocin yara suka cika da masu tamowa. A daidai wannan lokaci ne bayan gida ke cike da koren ganye da ba a biyan ko kwabo a kansa. Zogale ma an daɗe ana yi masa kallon abincin talaka kafin ya shiga leda da kwalba a manyan kantuna.

Ina kira ga malaman gona da ma'aikatan lafiya na unguwa da masu shirye-shiryen girki a rediyo da talabijin su sa waɗannan ganyaye a cikin abin da suke koyarwa, tare da gargaɗin da ke tafiya da kowanne. Wanda kuma Allah Ya bar masa tsohuwa a gida, inna ko goggo ko kaka, ya haɗa ta da yaransa wannan daminar su zaga bayan gari, ta nuna musu tafasa da rai-ɗore a hannu, ta koya musu zare ganyen kabewa da yatsunsu. Duk tsiron da ita ba ta sani ba, kuma malamin gona bai tabbatar ba, kada a sa shi a tukunya.